Florence Nightingale, matar da ta mayar da jinya ilimi

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga watan Mayun 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta, attajirai 'yan Ingila, ke ziyara a can, kuma sunan birnin aka raɗa mata. Mahaifinta ne ya karantar da ita a gida. A Ingilar wancan zamani ba a ɗaukar jinya a matsayin aikin 'ya'yan manya, don haka iyayenta suka yi ta adawa da burinta. Sai a 1851, tana da shekaru 31, ta sami horo na 'yan watanni a Kaiserswerth da ke Jamus.

Yaƙin Crimea, wanda Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya suka gwabza da Rasha, shi ne ya fito da ita. A watan Nuwamban 1854 ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, wato unguwar Uskudar ta birnin Istanbul a yau, tare da mata 38. Ta tarar da cunkoso da ƙazanta, ga ƙarancin abinci da magunguna. Ta tsara wanki da girki, da dare kuma takan zagaya majinyata riƙe da fitila, abin da jaridu suka yi ta yayatawa.

To sai dai fitilar ba ta tsayar da mutuwa ba. Sojoji fiye da 4,000 ne suka rasu a asibitin a hunturun farko, galibinsu sakamakon kwalara da atini da zazzaɓin taifod, ba raunukan yaƙi ba. Mace-macen sun ragu sosai ne bayan da wani kwamitin tsafta da gwamnati ta aiko a watan Maris na 1855 ya yashe magudanan ƙazanta, ya kuma gyara shigar iska. Bayan yaƙin ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi alƙaluman, ta kuma zana su yadda ko ɗan siyasa mai gaggawa zai gane cewa rashin tsafta ya fi harsashi kisa.

Watakila abin da ya fi amfanar ma'aikatan jinya shi ne ɗan littafinta, Notes on Nursing, na 1859. A cikinsa ta nuna cewa babban darasin mai jinya shi ne sanin abin da za a lura da shi a jikin majinyaci. Ba ta yarda a tambayi maras lafiya ko ya yi barci mai kyau a tsaya nan ba, sai an san sa'o'i nawa ya yi, kuma a wane sashe na dare. Haka batun abinci, a duba abin da ya ci da abin da ya rage. Ta yi gargaɗi kan tambayar da ke sa wa majinyaci amsa a baki. Kazalika ta soki yin raɗa a ɗakinsa ko a bakin ƙofa, domin zai zaci maganarsa ake yi, ta kuma buƙaci mai magana da shi ya zauna inda zai gan shi. Masu zuwa dubiya da ke cika maras lafiya da fatan baka ma ba su tsira daga alƙalaminta ba.

A 1860 ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke London da kuɗin da jama'a suka tara mata. Yawancin wannan aiki daga kan gado ta yi shi, saboda cutar da ta kamu da ita a Crimea, wadda masana da dama ke ganin brucellosis ce. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girmamawa ta Order of Merit.

Ta rasu a London ranar 13 ga watan Agustan 1910, tana da shekaru 90. Danginta sun ƙi tayin binne ta a Westminster Abbey, aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow, kusa da iyayenta.