Edwin Hall: Ɗalibin da Ya Yi Shakkar Littafin Maxwell

An haifi Edwin Herbert Hall ranar 7 ga Nuwamba, 1855, a Gorham da ke jihar Maine ta Amurka. Ya gama Kwalejin Bowdoin a 1875, ya yi koyarwa na shekara biyu, sannan ya shiga Jami'ar Johns Hopkins a Baltimore, inda ya zama almajirin Henry Rowland.

A nan ne ya ci karo da wata magana a cikin babban littafin James Clerk Maxwell, wanda masana lantarki na lokacin ba sa ja da shi. Maxwell ya ce ƙarfin maganaɗisu yana ture wayar da wuta ke bi ne kawai, bai taɓa wutar da ke gudana a cikinta. Hall bai gamsu ba. Gwaje-gwajensa na farko ba su nuna komai ba, har sai da Rowland ya ba shi shawarar ya yi amfani da fallen zinariya mai matuƙar siranta. A watan Oktoba na 1879 ya sa fallen a cikin maganaɗisu, ya tura wuta ta tsawonsa, sai ma'auninsa ya nuna ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin gefunan biyu. Ashe wutar kanta ake karkatarwa. Yana da shekara 23, kuma sai bayan shekara 18 aka gano elektron, ƙwayar da ke ɗauke da wutar.

Ya koma Harvard a 1881, ya zama farfesa a 1895, ya yi ritaya a 1921. Ya rasu ranar 20 ga Nuwamba, 1938.

Babban amfanin bincikensa ya fito ne bayan ba shi da rai. A Fabrairun 1980, a Grenoble ta Faransa, Klaus von Klitzing ya maimaita awon a kan silikon cikin tsananin sanyi da maganaɗisu mai ƙarfi. Maimakon sakamakon ya riƙa hawa a hankali, sai ya riƙa tsayawa mataki-mataki, a kan om 25,813 idan an raba shi da cikakkiyar lamba. Abin mamakin shi ne, gurɓataccen abin da ke cikin silikon, wanda aka zaci zai ɓata awo, shi ne ke faɗaɗa matakan, domin yana tsare wasu elektron wuri guda.

A 1982 David Thouless da abokan aikinsa suka bayyana dalili: lambar kowane mataki siffa ce irin ta topoloji, kamar yawan ramin da ke jikin zobe, wanda lanƙwasawa ba ta canza shi. Shekara guda bayan haka Thouless ya nuna cewa idan ana jujjuya yanayin irin wannan abu sannu a hankali, zagaye bayan zagaye, adadin elektron ɗin da ke ƙetarewa a kowane zagaye cikakkiyar lamba ce. Tun 1990 da matakan von Klitzing dakunan awo na duniya ke daidaita ma'aunin om.