Labarin Dorothy Hodgkin, Matar da Ta Gano Siffar Insulin

Jama'ar Doguwa da Tudun Wada, da na Kiru da Bebeji, kowa ya san mai ciwon sukari wanda rayuwarsa ta rataya a kan allurar insulin. Ga labarin matar da ta fara bayyana siffar wannan magani.

Sunanta Dorothy Hodgkin, Baturiyar Ingila. An haife ta a Alƙahira cikin 1910, ubanta kuwa ya shugabanci aikin ilmi a Sudan. Tun tana yarinya ta ƙwallafa rai ga binciken duwatsu da ma'adinai, har ta shiga jami'ar Oksfod cikin 1928.

Shi insulin wani sinadari ne da wata gaɓa a bayan tumbi take yi, aikinsa shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Likitocin Kanada sun tatso shi cikin 1921, amma ba wanda ya san yadda ƙirarsa take, don ƙanƙantarsa ta fi ƙarfin madubin likita.

Cikin 1934 aka ba ta insulin. Ta daskarar da shi kamar ƙwayar gishiri, ta haska shi da hasken eksire, ta shiga lissafa mazaunin kowace ƙwayar zarra daga ɗige-ɗigen hoton. Lissafin ya gagari na'urorin zamanin. Ga shi kuma amosanin gaɓɓai ya kama ta tun da ƙuruciya, har ya lanƙwashe mata yatsu. Duk da haka ba ta saki aikin ba. Ta warware ƙirar fenisilin cikin 1945, sa'an nan ta bitamin B12.

Mijinta Thomas masanin tarihin Afirka ne; cikin 1960 ya fitar da littafi wanda ya ƙunshi yankuna daga Tarihin Kano da rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Suna ƙasar Gana cikin 1964 labari ya iske ta cewa an ba ta kyautar Nobel.

Sai cikin 1969, bayan shekara 35, ita da almajiranta suka kammala siffar insulin. Sanin wannan siffa ya taimaki masana suka haɗa insulin mai saurin aiki da mai daɗewa a jiki. Ta rasu cikin 1994.

To, ɗalibai, dutsen da mai haƙuri ya dafa ke nan, marasa lafiyarmu kuwa su ne ke shan romon.