Blaise Pascal, Masanin da Ya Gwada Ya Kuma Ba da Gaskiya

A cikin karatunmu na Bishara ta Yohanna, sura 20, mun ga yadda Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Ubangiji sai ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Har wa yau akwai irin Toma a cikinmu. Akwai kuma waɗansu waɗanda kowane labarin al'ajibi suka ji, sai su haɗiye ba tauna. Domin amfanin waɗannan da waɗancan za mu ba da labarin wani mutumin Faransa, sunansa Blaise Pascal.

An haife shi a garin Clermont ran 19 ga Yuni, 1623. Yana da shekara uku uwarsa ta rasu. Ubansa, Étienne, alƙali ne na sha'anin haraji, shi ne kuwa ya koya wa yaron karatu da kansa a gida. Tun yana ƙarami aka ga Allah ya ba shi kaifin hankali ƙwarai wajen lissafi. A shekara ta 1642 ya fara ƙera wani inji mai tarawa da ɗebewa, domin ya rage wa ubansa wahalar ƙididdigar haraji.

A zamanin nan masana suna koyarwa, bisa ga maganar mutanen dā, cewa ba shi yiwuwa a sami wurin da babu kome a ciki, ko da iska. Pascal bai yarda da magana don tsufanta kaɗai ba. Ya ji labarin gwajin da wani mutumin Italiya, Torricelli, ya yi: aka cika dogon bututun gilashi da zaiba, aka kifa bakinsa cikin kasko, zaiba ta sauka kaɗan ta tsaya, ta bar fili a sama. Pascal ya yi tunani, idan nauyin iska ne ke riƙe da zaibar, lalle za ta ƙara sauka a bisa dutse, gama iskar can ba ta da nauyi kamar ta ƙasa. Da yake ba shi da lafiya, ya roƙi mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da kayan awo. Ran 19 ga Satumba, 1648 aka hau, a gaban shaidu, zaiba kuwa ta sauka wajen inci uku. Saboda wannan aiki ne ma'aunin matsin iska yake ɗauke da sunansa yanzu.

Mutumin da ya saba da irin wannan gwaji, yaya zai yi da al'amarin Allah, wanda ba a ɗora shi a kan ma'auni? Tun a 1646, sa'ad da ubansa ya zame a kan ƙanƙara ya goce ƙugu, waɗansu maɗora biyu masu tsoron Allah suka zauna a gidan suna jiyyarsa, ta bakinsu kuwa dukan gidan suka farka ga ibada. Amma bayan rasuwar uban a 1651, da shigar ƙanwarsa Jacqueline gidan zuhudu na Port-Royal, zuciyar Pascal ta yi sanyi. Ya shiga cuɗanya da manyan birnin Faris, masu caca da masu shakkar addini. Ya san gardamarsu sarai, ya kuma ga akwai nauyi a cikinta. Ya sami suna, amma bai sami kwanciyar rai ba.

Ran 23 ga Nuwamba, 1654, daga wajen ƙarfe goma da rabi na dare har sha biyu da rabi, wani abu ya same shi yana shi kaɗai. Ya rubuta shi a 'yar takarda, ya kamanta shi da wuta, ya shaida cewa ya sadu da Allah mai rai na Littafi Mai Tsarki, wanda ya wuce tunanin masana, har ya yi hawaye don murna. Bai yi shelar abin ba. Ya ɗinke takardar cikin shafin rigarsa, in ya sake riga ya mayar da ita cikin sabuwar. Sai bayan mutuwarsa wani bara ya same ta. Daga baya waɗansu masu shakka suka kira ta laya. A ganinmu ba haka ba ne, gama babu roƙon tsari a cikinta. Tuni ne ya ajiye wa kansa, kada ya manta.

Abu na biyu a fili ya faru. 'Yar yayarsa, Marguerite, mai shekara goma, ta yi fiye da shekara uku da miki a gefen idonta, yana ta zub da mugunya, har likitoci suka yi shirin ƙona wurin da jan ƙarfe. Ran 24 ga Maris, 1656, a Port-Royal, aka taɓa idon da wata ƙaya wadda ake cewa daga rawanin ƙaya na Yesu ta fito. Yarinyar ta warke. Likitoci suka duba suka ba da shaida, shugabannin Ikkilisiyar Katolika a Faris suka ce mu'ujiza ce. Marguerite ta rayu har 1733.

A nan sai mu yi hankali. Masu shakka suna cewa irin wannan miki yakan fashe ya warke don kansa, ƙayoyin da ake dangana wa rawanin nan kuma sun yi yawa a ƙasashen Turai. Maganarsu ba ta banza ba ce. Pascal ya gaskata Allah ne ya warkar da yarinyar, duk da haka bai ce a karɓi kowane al'ajibi ba. Ya zauna yana bincike cikin Littafi yadda za a rarrabe al'ajibin gaskiya da na ƙarya, ya ga lalle sai a duba koyarwar da ke tafe tare da alamar, ko tana kai mutum wurin Kristi ko tana raba shi da shi.

Daga nan ya ƙudura zai rubuta littafi domin abokansa masu shakka. Ciwo ya hana shi gamawa. Guntayen takardunsa aka tattara aka buga a 1670 da sunan Pensées, watau Tunani. Cibiyar koyarwarsa ita ce, hankali baiwar Allah ne, a yi aiki da shi har iyakarsa, sa'an nan hankalin da kansa zai gane akwai abubuwa da yawa da suka fi ƙarfinsa. Ya ga Allah ya ba da haske isasshe ga mai nema da gaske, amma bai tilasta wa kowa ba.

Bangaskiyarsa ta ba da 'ya'ya. Ya sayar da kayan alatunsa, ya saukar da waɗansu matalauta a gidansa. Da agana ta kama ɗansu, bai kore su ba, shi ne ya tashi da ciwonsa ya koma gidan yayarsa. Can ya rasu ran 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39.

Mu sake karanta Yohanna 20:24-29, mu yi shawara a kan waɗannan: Da wane irin hali Yesu ya karɓi shakkar Toma? Idan aka kawo mana labarin warkarwa ko mafarki, da me za mu gwada shi? Yaya za mu yi da ɗan'uwa wanda yake so ya ba da gaskiya, amma tambayoyi sun tare masa hanya?