Alhassan Ɗantata, Falken Da Ya Iya Auna Hanya

A shafinmu na tarihin magabata na wannan makon, mun ɗauko rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya yi suna a fataucin goro da gyaɗa.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka gaji fatauci. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, kuma ya rasu tun Alhassan yana yaro. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta raine shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata.

Da ya tasa, sai ya shiga fataucin goro. A zamanin nan ayari kan yi watanni daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, kafin ya iso Kano. Ga 'yan fashi a daji, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga jakuna suna mutuwa a hanya. Goro kuma ba ya son jinkiri. Dole a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya yi tsutsa, in ba haka ba falke ya isa kasuwa da asara. Alhassan ya auna wannan duka, sai ya koma loda goronsa a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas. Kwanakin tafiya suka ragu, asara ma ta ragu.

A 1912 jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Legas da Kano, Turawa suka buɗe kasuwar gyaɗa. Daga 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa. A nan haɗarin ya sake kama, domin sai ya ba wakilansa jari tun kafin ya ga buhu ko ɗaya. Wanda ya gudu da kuɗi, ko ya kawo gyaɗa maras kyau, asarar a kansa take. Don haka ya raba jarin ga wakilai da yawa a garuruwa daban-daban, yana dogara da mutanen da ya san amanarsu. Da yake taragun jirgi ba sa iya kwashe gyaɗar kaka a lokaci ɗaya, sai aka riƙa jera dubban buhuna ana tara su kamar dutse har layi ya zo kansu. Wannan ce dalar gyaɗa da muke gani a hotunan tsohuwar Kano.

A 1929, da bankin da a yau ake kira First Bank ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne.

Aikin da ya yi da basirarsa yau sana'a ce da ake karanta a jami'a. Kamfanonin jigilar kaya suna ɗaukar ma'aikata don su lissafa kuɗin hanya, su hango inda kaya za su iya lalacewa ko su makale, su faɗi abin da ya kamata a sa wa inshora. Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu sha'awar wannan aiki da su riƙe darasin lissafi, tattalin arziki da labarin ƙasa da kyau. Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan.