Alhassan Ɗantata: Attajirin da aka auna dukiyarsa da raƙuma

Duk shekara idan mujallar Forbes ta Amurka ta fitar da jerin masu kuɗin duniya, sunan Aliko Ɗangote ne ke kan gaba a Najeriya, kuma tun 2008 yake cikin jerin. Sai dai gidan da ya fito ya daɗe da sanin wannan matsayi. Lokacin da kakan mahaifiyarsa, Alhaji Alhassan Ɗantata, ya rasu a 1955, shekara 32 kafin mujallar ta fara lissafa attajiran duniya a 1987, shi ake ɗauka mafi arziki a cikin ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, amma ya rasu Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ta koma Akara da kasuwancinta, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan mata aka sami Ɗantata. Ya yi karatun allo, ya ɗanɗani rayuwar almajirci, sannan yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi yana matashi.

Da ƙura ta lafa sai ya bi sawun iyayensa zuwa Gwanja fataucin goro. A wancan zamani ayari kan yi watanni a hanya da jakuna, ga ƴan fashi, ga kuɗin fito, ga goro mai saurin lalacewa. Ɗantata yana cikin na farko da suka sauya hanya. Ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Akara zuwa Legas, daga can ya yo arewa da shi. Kayansa kan riga na ayari isowa kasuwa, kuma da sauran ɗanyensu.

Zuwan jirgin ƙasa Kano, wanda aka buɗe wa ƴan kasuwa a 1912, shi ya buɗe babin gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna neman ta domin mai da sabulu, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Ɗantata su suka cike wannan giɓi. Ɗantata ya fara saya wa Kamfanin Neja, daga baya kuma UAC. Yakan ba yaransa jari su shiga karkara su tattaro gyaɗa mudu-mudu, su dawo a yi lissafi. Jinginar da ke tsakaninsu ita ce amana, wanda ya ci ta kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Da haka buhuna suka riƙa taruwa har aka yi dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita.

Babu mujallar da ta ƙididdige dukiyarsa a lokacin, amma Kanawa sun sami ma'auninsu. Har yau ana ba da labarin yadda ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya lokacin da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929. Ya sauke farali tun aikin hajji yana tafiyar watanni, ya kuma ɗauki nauyin wasu zuwa Makka. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, abin da ba a saba gani ga ɗan kasuwa ba.

Babban gwajin dukiya a ƙasar Hausa yakan zo ne bayan mai ita ya kwanta dama. Attajirai nawa ne aka raba gadonsu, kafin shekara goma rumfar ta koma hannun wani, sunan ya ɓace? Ɗantata ya hango wannan. Ya sa ƴaƴansa cikin harkar tun yana da ƙarfi, ya haɗa ta ƙarƙashin kamfani guda mai sunansa da na ƴaƴansa, da ciwon ajali ya kama shi kuma ya yi musu wasiyyar zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari.

Gyaɗar da ta ɗaga shi ba ta daɗe a bayansa ba. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975, tare da karkatar gwamnati ga man fetur, sun share dalar daga Kano. Amma gidan bai faɗi tare da ita ba, domin ƴaƴan sun gaji ɗabi'ar uban ta sauya hanya kafin ta toshe. Sanusi da Aminu sun faɗaɗa zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu, jikanyarsa Mariya kuma ta haifi wanda ke jan jerin yau.

Jerin shekara-shekara yana auna darajar hannun jari ne a rana guda, shi ya sa faɗuwar naira kaɗai kan sauke mutum daga matakinsa. Ɗan kasuwar da ke duba shi daga rumfarsa a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Sakkwato zai fi ƙaruwa idan ya tambayi kansa wa ya horar, wa kuma zai buɗe rumfar ranar da ba ya nan. Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan.