Marigayi Orlando Martins: Daga Cikin Jirgin Ruwa Zuwa Dandalin Wasan Kwaikwayo

Jama'ar Sabo, wannan karon tarihin wani Bayarabe ɗan Ikko muka kawo muku, mutumin da ya san ɗacin baƙunta kamar yadda kakanninmu suka san shi. Sunansa Orlando Martins. An haife shi a Legas ran 8 ga Disamba 1899, ya rasu a can ran 25 ga Satumba 1985 yana da shekara 85.

A shekarun da aka kafa unguwarmu ta Sabo a nan Badun, wato wajen 1916, Yaƙin Duniya na Ɗaya na ci. A lokacin ne Orlando, yana saurayi, ya kama aiki a jiragen ruwan Ingila. Ba tuƙi yake yi ba. Aikinsa zuba kwal a tanderun injin, can ƙasan jirgi, cikin zafi da hayaƙi. Da yaƙi ya ƙare sai ya zauna a Landan, ba dangin iya ba na baba.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Ya yi gadi, ya yi sharar titi, ya yi wanke-wanke, ya yi kokawa don kuɗi, har gardi ya zama yana wasa da macizai a gidan wasa. Amma fa zuciyarsa na wajen wasan kwaikwayo. A 1920 ya fara hawa dandali, cikin 'yan cika fage waɗanda ba a ba su magana. A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River tare da shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson. Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, shi ma yana cikin 'yan cika fagen fim ɗin. A 1936 kuma Orlando ya sake haɗuwa da Robeson a wasan Toussaint Louverture, na tarihin bayin da suka ƙwaci 'yancinsu a Haiti.

To, a wancan zamani matsayin da Turawa ke bai wa baƙar fata sananne ne: boka, ko bara, ko sarkin ƙauye. Orlando ya karɓa, amma yakan yi shi da kwarjini yadda ba a iya raina shi. A 1946 ya fito a boka cikin Men of Two Worlds, sunansa ya bazu a Ingila. A 1949 ya fito a sojan Basuto da ke jinya a asibitin yaƙi cikin The Hasty Heart. Kalma ɗaya tak yake da ita a fim ɗin, sauran duk da ido da fuska ya yi, kuma aka yaba. Cikin abokan wasansa akwai Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka a 1981. Ku lissafa: kusan shekara 25 ke nan daga hawansa dandali kafin duniya ta san shi. Lallai mai haƙuri yakan dafa dutse.

Duk da wannan suna, a 1959 ya tattara ya komo Legas, ana gab da samun mulkin kai. Da aka fara shirya finafinai a ƙasar nan, dattijon bai ce ya fi ƙarfinsu ba. A 1970 ya fito a Kongi's Harvest, daga wasan Wole Soyinka, wanda a lokacin ke shugabantar sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ibadan. Bayan nan ya fito a fim ɗin da aka shirya daga littattafan Chinua Achebe. Yaran da ke tasowa suka sami wanda za su koya a wajensa.

Matasanmu na Sabo, masu dako da masu tireda da masu bin motar goro da ta shanu, ga abin dubawa. Ƙaramin aiki a baƙon wuri ba abin kunya ba ne, muddin mutum ya san abin da ya fito nema. Orlando ya shekara arba'in a ƙasar wasu bai saki sana'ar da yake so ba, kuma da ya samu, gida ya kawo ta.