Narambaɗa: Makaɗin Tubali da ya auna waƙarsa da ta Alfazazi

A yau idan aka ce waƙa kaza ita ce bakandamiyar mawaƙi, kowa ya san ana nufin wadda ta fi duk sauran waƙoƙinsa. Matasa na faɗin kalmar a kan mawaƙan fim, har da littattafan marubuta. Da yawansu ba su san cewa sunan waƙa guda ce ba, wadda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa.

An haifi Narambaɗa a ƙarshen ƙarni na 19 a garin Tubali, wanda a lokacin yake ƙasar Isa, yanzu kuma yana Ƙaramar Hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan dambe ne. Kiɗa ta wajen uwa ya zo masa, domin a dangin mahaifiyarsa ya samu kotso. Laƙabin kuwa, masu tarihinsa sun ce daga wata karyarsa ne mai suna Rambaɗa, aka riƙa ce masa na Rambaɗa har sunan ya bi shi.

Ya fara da kiɗan noma, yana zuga samari a gona. Daga nan sunansa ya kai fadar Isa, ya zama makaɗin Sarki Amadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1935. Gidan sarautar Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ne, don haka makaɗin ya samu asali mai tsawo da zai riƙa jawowa cikin yabo. Ya kuma yi wa wasu sarakuna da hakimai da alƙalai na wannan yanki waƙa, ciki har da na Zurmi. Ko doki bai bari ba, ga Dokin Iska Ɗan Hilinge nan har gobe ana saurare.

Wanda bai san fada ba zai ɗauka aikin makaɗin sarki roƙo ne kawai. A fada akwai 'yan sarki da suka nemi sarauta ba su samu ba, akwai masu jiran gado, akwai fadawa masu fuska biyu. Sarki ba ya buɗe baki ya yi cacar baki da su, girmansa ya hana. Makaɗi ne bakinsa. Shi zai tashi a bainar jama'a ya lissafa iyaye da kakannin ubangidansa, ya nuna sarautar ta zauna inda ya dace, sannan ya juya kan abokan hamayya da zambo da habaici.

A nan ne gwanintar Narambaɗa ta fi fitowa. Ba ya kama suna. Sai ya siffanta mutum da wata dabba, ko ya zana tafiyarsa da rawaninsa da rowarsa, duk wanda ke wurin ya gane da wa ake, amma wanda aka yi dominsa ba shi da bakin kai ƙara, don in ya yi magana ya amsa sunansa ke nan. Ɗan sarkin da aka yi wa irin wannan zambo yana iya kwashe shekaru yara na rera shi a bayansa. Shi ma makaɗin a kan siraɗi yake, domin wanda ya zambata yau yana iya zama sarki gobe.

Abin da ya raba shi da sauran makaɗan fada shi ne yadda yake tsayawa a tsakiyar yabo ya yi maganar duniya: haƙuri, ƙaddara, yadda mulki ke zuwa daga Allah, yadda mai gaggawa ke rasa abin da yake nema. Shi ya sa manazarta ke kiransa mai falsafa. Kuma yana yawan magana a kan waƙar kanta, yadda azanci ke zo masa da yadda yake saƙa magana. Har ya kai ga kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Alfazazi malami ne na Andalus da ya rasu a 1230, shi ne mai Ishiriniya, waƙar begen Annabi (SAW) da ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa. A ƙasar Sakkwato, inda malamai suka daɗe suna kallon kiɗa a matsayin abin da bai kai rubutacciyar waƙa daraja ba, sai ga mai kotso yana ajiye waƙarsa kusa da littafin da malaman ke girmamawa. Wasu za su ce cika baki ne irin na mawaƙa. Amma duk wanda ya zauna ya bi Bakandamiya ɗa bayan ɗa, ya ga yadda kowane ɗan waƙa ke tafiya nesa ya dawo ya faɗa kan gindinta daidai, ya ji yadda 'yan amshi ke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba, zai yi wuya ya ce mutumin bai san abin da yake faɗa ba.

Ya rasu a farkon shekarun 1960, Sarki Amadu kuma ya ci gaba da mulki har 1975. Abin da ya tsira na waƙoƙinsa shi ne wanda aka ɗauka a faifai, gidajen rediyo irin na Kaduna da Sakkwato suka yi ta sakawa, daga baya ya koma kaset, yanzu yana cikin wayoyi daga Ƙaura Namoda da Ɗan Isa har Maraɗi.

Daga rediyo ya shiga aji. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa cikin ayyukansa kan makaɗan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum mai suna Narambaɗa, sannan a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kansa. Ɗalibai na fiɗar waƙoƙinsa suna neman turke da salo, kamar yadda ake yi wa rubutattun waƙoƙin Sa'adu Zungur ko Aliyu Namangi.

Sai dai akwai matsala a nan. Narambaɗa da Hausar yamma ya yi waƙa, inda ake cewa hwaɗi maimakon faɗi, shina maimakon yana, wagga maimakon wannan. Faya-fayan sun tsufa, kiɗan kan danne murya. Mai rubutawa da ya tashi da Kananci yakan ji kalmar da bai sani ba ya musanya ta da wadda ya sani, wani ya kwafa daga gare shi, kuskuren ya yi ta yawo a intanet. Akwai sunayen mutane da na garuruwa da dawaki a cikin waƙoƙin da sai tsofaffin Isa, Shinkafi da Zurmi ne za su iya warware su. Tsofaffin suna ƙarewa, kuma rashin tsaron da ya addabi yankin ya sa manazarci ba ya iya shiga ƙauyukan ya zauna da su kamar da.